Gaisuwar Kawu Namadi

Kawu Namadi ƙanen Innata ne, kuma wankin hula yake yi a Anka tun kafin a haife ni. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa. Da sassafe za ka ji ƙarar burushi a kan hula, idan hantsi ya yi sai ya fito da kututturan itacen nan da aka sassaƙa kamar kan mutum, ya ɗora wa kowanne hula mai sitaci, ya jera su a rana a ƙofar gida. Muna yara mukan ce Kawu ya tara jama'arsa. Shi kuwa yana gefe a kan buhu, rediyonsa jingine da bango, yana jira su bushe ya buge su.

Gajere ne, mai yawan dariya, yatsunsa kullum a kumbure saboda ruwa da sabulu. Amininsa ɗaya ne duk garin ya sani, Sharu mai goro, wanda ke da teburi a bakin tasha. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi makarantar allo. Kullum bayan La'asar Sharu kan rufe goronsa da jiƙaƙƙen buhu ya taho, ya zauna kusa da Kawu, su saurari rediyo suna musu a kan komai, har a kan wanda ya girmi wani a cikinsu. Sharu bai taɓa yin maganar siyasa ba. Ranar zaɓe ma yakan ce ranar ciniki ce, don mutane a kan layi suna son abin taunawa.

Kawu ma ba ɗan siyasa ba ne. Abin da ya buɗe masa baki jikansa ne. Babbar 'yarsa Hawwa'u tana aure a Bagega, mijinta yana niƙa dutsen zinariya a cikin gida kamar yadda maƙwabtansa ke yi. Ɗansu Lado bai cika shekara biyu ba ya fara jijjiga, idonsa ya kafe, kafin a kai shi ko'ina ya rasu. Sai daga baya aka gane gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen, yara na wasa a ƙasa suna kai hannu baki. An zo an kwashe gurɓatacciyar ƙasa a wasu ƙauyuka, aka bar Bagega tana jira, ana cewa sai an saki kuɗi daga Abuja. Hawwa'u ta sake haihuwa a cikin wannan jiran. Kawu ya je suna ya dawo, washegari ya sayi katin waya.

Akwai wani shiri da ake yi da yamma a wani gidan rediyo a Gusau, inda ake buɗe layi mutane su faɗi abin da ke damun yankinsu. Mai gabatar da shi sunansa Malami, mai sanyin murya ne. Ina gida hutun jami'a ranar da Kawu ya fara samun layi. A tsakar gidansa babu sabis sai kusa da katangarmu, don haka nan ya tsaya. Muna ɗakin Inna muna jin muryarsa sau biyu, ɗaya ta kan katanga, ɗaya daga rediyo tana biye da ita a baya kaɗan.

"Namadi mai wankin hula ne daga Anka," in ji shi. "Ni ban zagi kowa ba, tambaya gare ni. Ƙasar da tak kashe jikana tana nan, ƙanwarshi tana rarrafe bisa. Yaushe za a taho a kwashe ta?"

Malami ya ce an ji, masu abin suna sauraro. Sai ya tambaye shi, kamar yadda ake tambayar kowa kafin a ajiye, ko akwai wanda yake gaisarwa.

"Ina gaishe da Sharu mai goro, bakin tasha," in ji Kawu. "A hwaɗa mai goronshi na jiya akwai tsutsa."

Inna ta yi dariya har da hawaye, ta goge da bakin zane, hawayen bai tsaya ba.

A wajenmu gaisuwar rediyo ba ƙaramin abu ba ce. Wanda aka ambaci sunansa, a ranar har gidan surukansa an ji. Wanda kuma aka saba ambata aka wayi gari an tsallake shi, kowa zai tambaya me ya haɗa su. Kawu ya ci gaba da kira duk mako, tambayarsa ɗaya, gaisuwarsa kuwa sai ƙara tsawo take. Mutum zai kawo hula wanki, yana miƙawa ya ce, "Namadi, a sa ni ciki mana." Aka sa mai shayi, aka sa direbobin tasha, aka sa wani malamin firamare, aka sa masu hatsi na kasuwar Gummi da bai taɓa gani ba sai sau ɗaya. Malami kan ce, "Malam Namadi, a bar wa wasu layi," Kawu ya ce saura mutum biyu, ya ambaci biyar. Amma ko yaushe da Sharu yake farawa.

A lokacin masu mulkin jiharmu da na Abuja ba jam'iyya ɗaya suke ba, don haka tambayar Kawu ta yi wa manyan garinmu daɗi. Wasu na aiko masa da katin waya. Hulunan da ke shanye a ƙofarsa suka canza, ƙube da zanna masu tsada suka yi yawa har sai da ya sa aka sassaƙa masa ƙarin kututture. Da aka fara kwashe ƙasar Bagega a 2013, wani ɗan siyasa ya tsayar da mota a ƙofar gidan, ya ɗaga hannun Kawu sama ya ce wannan shi ne muryar talaka. Sharu na zaune yana ɓare goro.

"Muryar talaka," in ji Sharu bayan motar ta wuce. "To, muryar talaka, hulata hwa? Tun Juma'a take nan."

"Kanka ne babu irinshi," in ji Kawu, "kututturen da za ya ɗauke shi sai an sare kuka."

Zaɓen 2015 ya zo, Kawu ya yi murna kamar kowa a unguwarmu. Jiha da Abuja suka zama abu ɗaya. A shekarun ne kuma abin da ya fara da satar shanu ya zama wani abu dabam. Ana tare hanya, ana shiga ƙauye da babura da rana tsaka, ana ɗauke mutane. Mata da yara daga ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka fara shigowa gari da tabarmi a ka, suna kwana a zaurukan 'yan uwa. Hawwa'u ma ta dawo gida da 'ya'yanta.

Kawu ya ci gaba da kira. A ganinsa babu abin da ya canza, tambaya ce dai yake yi. Yana ambaton ƙauyen da aka tasa, ya ce an kira masu tsaro ba su zo ba sai da aka gama jana'iza, ya tambaya wa ke da alhakin hanyar. Sai dai yanzu babu wasu na nesa da za a ce da su yake. Katin waya ya daina zuwa. Mai motar nan ya aiko yaro ya karɓi hulunansa, bai sake aikowa ba.

Sannan waɗanda ke cikin gaisuwar suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Malamin firamare ya fara. Ya daɗe yana zagaye-zagaye, yana tambayar ruwan sama da farashin sitaci, kafin ya ce an kira shi a wajen aiki an tambaye shi ko yana cikin ƙungiyar Namadi.

"Wace ƙungiya?" in ji Kawu. "Kai kac ce in sa ka."

"Na sani. Yanzu kuma ni ke roƙon a cire ni. Ina da iyali, Namadi."

Kawu ya cire shi. Ya cire mai shayi, ya cire direbobi. Duk wanda ya roƙa ya cire, bai riƙe kowa a zuciya ba, ko dai bai nuna ba. Sharu kuwa bai nemi a cire shi ba. Yana zuwa bayan La'asar kamar kullum, idan Kawu ya miƙe zai je jikin katanga sai ya ce, "Lauya za ya shiga kotu." Inna ta taɓa ce wa Kawu ta kan katanga ya bar ambaton sunan Sharu haka, tunda ɗansa Murtala ya samu aikin tuƙa wani babba a jam'iyya.

"Yaya, in tsallake Sharu?" in ji Kawu. "Duniya duk ta ji na tsallake Sharu? Mi za a ce ya yi mani?"

Nan ne kuskuren yake, kuma ban ga yadda Kawu zai iya kauce masa ba. A wajensa barin sunan cin mutunci ne a bainar jama'a. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai masu sauraron gaisuwar da wani kunne dabam ba.

A daminar 2017 aka kai hari wani ƙauye da ke kan hanyar Bagega, aka kashe mutane a gona. Kawu ya san wasu daga cikinsu, ya wanke musu huluna da sallah. A ranar ya kira. Ya ce waɗanda muka zaɓa sun zo ta'aziyya da motoci cike da masu bindiga, da a ce motocin nan sun zo kafin a mutu, da babu ta'aziyyar. Malami ya yi saurin cewa lokaci ya ƙure. Kawu ya ce, "Ina gaishe da Sharu mai goro," sannan ya ƙara da mutum uku da suka rage masa, aka katse.

Washegari da safe ya tafi Gummi sunan ɗan wani ƙanen matarsa. Bayan tafiyarsa aka zo bakin tasha da mota, aka ce Sharu ya zo ana son ganinsa a wani ofis. Aka bi sauran ukun aka ɗauko su. Sharu ya bar goronsa a buɗe, yana ce wa maƙwabcinsa yanzu zai dawo.

Labari ya iske Kawu a wajen suna. Bai jira an raba goro ba ya nemo mota, daga tasha ya wuce ofishin kai tsaye. Abin da ya faru can, shi ya ba Inna labari ina zaune. Ya ce musu ga shi, shi ya yi magana, a saki waɗannan a riƙe shi. Wani mai farar riga ya ba shi kujera, har da ruwan sanyi.

"Malam Namadi, kai ai ba mu da matsala da kai," in ji mutumin. "Ƙasa ce mai 'yanci, kowa na da bakinsa. Idan muka riƙe ka gobe a ce mun hana talaka magana. Waɗannan dai da kake lissafawa kullum, muna son mu san mene ne tsakaninku, wa ke kawo maka labari, wa ke ɗaukar nauyinka. Bincike ne kawai. Ka je gida."

Kawu ya ce gaisuwa ce. Mutumin ya ce ya gane, shi ma yana gaishe shi.

Bai je gida ba. Ya zauna a gindin bishiyar da ke gaban ofishin, yana tashi salla yana dawowa, ana kai masa abinci yana cewa a shigar wa na ciki. An riƙe su 'yan kwanaki. Sharu na da hawan jini, maganinsa yana gida, sai da Murtala ya roƙi maigidansa aka bari aka shigar da shi. Da aka sake su, Murtala ya kawo mota har bakin ƙofa. Kawu ya taso yana cewa "Sharu, Sharu," amma yaron ya riga ya tura mahaifinsa ciki ya rufe.

Bayan kamar mako guda Sharu ya zo, da hantsi, ba lokacin da ya saba ba. Na kawo wa Kawu kunu daga wajen Inna, ina zaure na tsaya. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Bai zauna ba.

"Na taho ɗaukar hulata."

"Ba ta bushe ba. Zamna mana."

"Ba ni ita hakanan."

Kawu ya zare ta daga kan kututture, tana ɗiga. Sharu ya karɓa ya riƙe a hannu yana kallonta.

"Tambaya sunka yi ta yi mani, Namadi. Wai mi muke shiryawa. Na ce goro nike saidawa. Sunka ce to don mi kullum ni ne na fari. Mi zan ce? In ce don tare anka yi muna kaciya?" Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. "Bisa siminti na kwana, ni da tsufana. Yaron nan kuma an ce mai in an sake jin sunana ya aje makullin mota."

"Ban sani ba, Sharu. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ka cire ni dai."

Ya juya ya tafi, hular na jiƙa masa gefen riga. Kawu ya bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ya ga ni. Ya ce, "Rahina, aje nan, ɗiyata," ya koma ya zauna a kan buhunsa. Kunun nan a wurin ya huce.

Sau ɗaya ya sake kira bayan wannan. Ya faɗi sunansa, ya yi tambaya a kan masu gudun hijirar da ke kwana a makarantar firamare, ruwa na dukansu ta tagogi. Malami, ko don sabo ko don bai ji labari ba, ya ce wa yake gaisarwa. Muna ɗakin Inna muka ji shiru ta kan katanga, muka ji shirun a rediyo. Can Kawu ya ce babu kowa, ya gode. Daga ranar bai ƙara kira ba. Ya ce wa Inna duk wanda ya tsaya ya gaisa da shi a hanya yanzu sai ya ji tsoron kada ya jawo masa wani abu, to ina amfanin maganar da wasu za su biya.

Ya yi zaton idan ya yi shiru Sharu zai dawo. Bayan La'asar yakan shimfiɗa buhu na biyu a gefensa, da Magariba ya naɗe. Sharu bai zo ba. A masallaci suna musabaha, a tasha suna ɗaga wa juna hannu daga nesa. Aikin ma ya ragu, kututturan da aka ƙara sassaƙawa matarsa Zulai ta fara ɗora tukwane a kansu.

Da rani ya shigo Sharu ya faɗi a wajen teburinsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Kawu ya aika a tambayi Murtala ko zai iya zuwa dubiya. Yaron ya zo da kansa, ya durƙusa, ya ce, "Baba, gidanka ne. Sai dai don Allah ka biyo ta lungu." Inna ta dafa fate ta ce in ɗauka mu tafi tare. Ta lungu muka bi, ta bayan gidajen mutane, Kawu na gaba yana tsallake kwata.

Sharu na kwance a zaure a kan katifa, bakinsa ya karkace, maganarsa na fita da ƙyar. Akwai ƙaramin rediyo kusa da kansa. Kawu ya zauna ya riƙe hannun da ke motsi. Suka yi ta "sannu" da "yauwa".

"Lauya," in ji Sharu daga baya. "An rufe kotu?"

"An rufe."

"Kullum sai na kunna. Ba ni jin ka." Ya huta, ya haɗiye yawu. "Ni cewa na yi ka cire sunana. Ban ce ka yi kurum ba."

"In na buɗa baki sunanka ka fara fitowa, Sharu. Ban iya ta wata hanya ba."

"Wawa," in ji Sharu. "Tun muna yara."

"Ai na girme ka."

"Ƙarya kake."

Suka yi 'yar dariya, ta Sharu ta koma tari, matarsa ta leƙo da ruwa. Daga ranar Kawu ya riƙa zuwa duk bayan kwana biyu, kullum ta lungu. Idan lokacin shirin ya yi sukan saurara tare. Masu kira sun ragu, waɗanda ke kira ma da yawa ba sa faɗin sunansu, sai su ce wani bawan Allah ne daga yammacin Zamfara. Sharu ya sha ce masa ya kira, Kawu yana cewa sai ka warke.

Sharu ya rasu a daminar 2018. Kawu na cikin waɗanda suka ɗauki makara, wannan kam babu wanda ya hana shi. A al'adarmu ta yanzu idan mutum sananne ya rasu, aboki ko ɗan uwa kan kira rediyo ya sanar, ya yi wa iyali ta'aziyya, don na nesa su ji su yi addu'a. Sharu yana da abokan ciniki har Gummi da Bukkuyum waɗanda ba su da wata hanyar ji. Mutane a wajen makoki suna ta kallon Kawu. Na ga ya fito da wayarsa daga aljihu bayan an dawo daga maƙabarta, yana juya ta a hannu.

Murtala ma ya gani. Ya taso daga cikin masu karɓar gaisuwa, ya zo ya durƙusa a gabansa, idonsa ja.

"Baba, na san abin da ke ranka. Don girman Allah ka bari. Ni ne babba yanzu, ga ƙanne, ga Innarmu. In aikin nan ya tafi ban san inda za mu sa kai ba."

Kawu ya dube shi. Ya ɗora masa hannu a ka kamar ƙaramin yaro.

"Na ji, Murtala. Tashi, mutane na jiran ka."

Ya mayar da wayar aljihu. Ya zauna a gefen tabarma har aka gama zaman makoki, shi ke fara zuwa, shi ke tashi a ƙarshe. Ba a sanar da rasuwar Sharu a rediyo ba. Wani mai goro daga Gummi sai bayan wata biyu ya zo tasha yana tambayar ina mai teburin nan.

Kawu yana nan a Anka, yana wankin hula, galibi na maƙwabta da na masu gudun hijira da ba ya karɓar komai a hannunsu. Da gwamnati ta canza a jiharmu a 2019, wasu daga cikin waɗanda suka roƙi a cire su sun zo suna cewa yanzu iska ta juya, ya koma kira, za su tsaya masa. Ya saurare su, ya yi musu godiya, ya raka su bakin hanya. Ranar ina gidan, na daure na tambaye shi ko zai yi.

"Na yi wa Murtala alkawari," in ji shi. "Kuma waɗannan, in ta sake juyawa su za su fara tahowa." Ya tsoma hannu cikin baho ya ciro wata tsohuwar ƙube. "Ki ce wa Innarki in tana da sauran sitaci ta aiko man, nawa ya ƙare."